Da wane kwano aka auna? Yadda ma'auni ke juya sakamakon binciken maganin ciwon damuwa

Kamar kullum, ga rubutun shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara ba.

Yau zan yi magana ne a kan wani abu da ke rikita masu yawo a intanet. Wata rana za ka ga an ɗora labari cewa "babban bincike ya tabbatar magungunan ciwon damuwa ba sa aikin komai". Bayan kwana biyu sai ka ga wani cewa "babban bincike ya tabbatar duk suna aiki". Kowanne da sunan jami'a, kowanne da dubban marasa lafiya. To wa za ka gaskata? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin akwai wanda ke shan maganin yanzu haka, yana karanta irin waɗannan labarai yana tunanin ya watsar.

Kuma maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu nan yankin Haɗeja, daga Kafin Hausa zuwa Auyo da Guri da Kirikasamma, mun san abin da ambaliyar 2022 ta yi. Gidajen ƙasa sun rushe, gonakin shinkafa sun nutse, iyalai sun koma kwana a azuzuwan firamare. Bayan ruwa ya janye, akwai abin da yakan saura a zukatan wasu: mutum ya daina barci, ya daina sha'awar komai, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, makonni suna tafiya a haka. Wannan shi likitoci ke kira ciwon damuwa, ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Idan an kai irin wannan mutum asibiti, abin da za a ba shi ya dogara ne a kan waɗancan manyan binciken. Shi ya sa ya kamata mu san yadda ake haɗa su.

Mu fara da kalmar da za ku riƙa ji: meta-analisis. Ma'anarta mai sauƙi ce. Maimakon a sake sabon gwaji, sai masana su tattaro duk gwaje-gwajen da aka taɓa yi a kan abu ɗaya, su haɗa sakamakonsu ta hanyar lissafi, su fitar da amsa guda. Gwajin da ya fi yawan mutane ya fi nauyi a lissafin. Dabara ce mai kyau, don gwaji ɗaya na mutum 60 zai iya faɗawa kan sa'a, amma gwaji 100 da wuya su yi kuskure iri ɗaya gaba ɗaya.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A ce kana son sanin ko wani sabon taki yana ƙara amfanin shinkafa a fadamar Haɗeja. Ka tambayi manoma 30. Wani ya faɗa maka buhunan shanshera da ya samu. Wani ya faɗa maka abin da ya rage bayan an kai inji an cashe. Wani ya auna da kwanon kasuwarsu, wanda bai kai na kasuwar gaba cika ba. Wani kuma ya ce shi dai ya biya bashi har ya yi saura. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Amma amsar da za ka fitar ta dogara da wanda ka ɗauka a matsayin ma'auni. Haka abin yake a binciken ciwon damuwa, har ma ya fi haka wuya, saboda shinkafa ana ganinta, damuwa kuwa babu gwajin jini ko hoton da ke nuna yawanta. Da tambayoyi ake auna ta, a ba kowace amsa maki, a tara.

Ga manyan kwanukan da ake awo da su. Na farko shi ne ma'aunin Hamilton, wanda wani likita a Ingila, Max Hamilton, ya fitar a 1960. Wanda aka fi amfani da shi yana da tambayoyi 17, maki daga 0 zuwa 52, kuma likita ne ke cikewa bayan ya tattauna da mara lafiya. Na biyu na Aaron Beck ne daga Amurka, 1961, tambayoyi 21, shi kuma mara lafiya ne ke cikewa da kansa. Akwai na Montgomery da Asberg na 1979 mai tambayoyi 10. Sai PHQ-9 na 2001, tambayoyi 9, maki 0 zuwa 27, wanda shi aka fi gani a ƙananan asibitoci saboda gajarta. Ga mata masu jego akwai na Edinbura na 1987.

Za ka ɗauka duk abu ɗaya suke tambaya ko? A 2017 wani masani, Eiko Fried, ya jera ma'aunai 7 da aka fi amfani da su, ya ƙirga alamomin ciwon da ke cikinsu, ya samu alamomi 52 daban-daban. Da yawa daga ciki a ma'auni ɗaya tak suka fito. Na Beck ya fi karkata ga tunani, irin su ganin laifin kai da yanke ƙauna. Na Hamilton ya fi karkata ga jiki: barci, cin abinci, rama, ciwon ciki, fargaba. Kenan mutum ɗaya zai iya samun sauƙi sosai a wannan kwanon, a wancan kuma a ga kamar bai motsa ba.

To yaya masu meta-analisis ke haɗa gwajin da aka yi da Hamilton da wanda aka yi da Beck? Hanya biyu suka fi bi. Ta farko, su mai da kowane sakamako zuwa lamba ta bai-ɗaya, ta hanyar raba bambancin da aka samu da yadda makin mutane ya warwatsu a gwajin. A al'adarsu 0.2 ƙaramin tasiri ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Ta biyu, su raba mutane gida biyu: wanda makinsa ya ragu da rabi ko fiye, a ce "magani ya karɓe shi", wanda bai kai ba a ce bai karɓe shi ba. Ku riƙe waɗannan hanyoyi biyu, don a kansu rigimar take.

A 2008, Irving Kirsch da abokan aikinsa suka karɓo bayanan gwaji 35 da kamfanoni suka miƙa wa FDA, hukumar magunguna ta Amurka, wato kamar NAFDAC ɗinmu. A kowane gwaji an ba wasu magani na gaske, wasu kuma ƙwayar wofi wadda ba magani a cikinta, ba tare da sun san wacce suka samu ba. Kirsch ya duba makin Hamilton kai tsaye, ya ga waɗanda suka sha magani sun fi 'yan ƙwayar wofi sauƙi da maki 1.8 kacal. A lokacin hukumar NICE ta Ingila na ɗaukar maki 3 a matsayin bambancin da ya isa a ce mara lafiya zai ji a jikinsa. Sai jaridun duniya suka ɗauka: magani bai fi ƙwayar wofi ba, sai ga masu ciwo mai tsanani sosai.

Bayan shekara 10, a 2018, Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da tawagarsa suka fitar da nasu a mujallar Lancet: gwaji 522, mutum 116,477, magunguna 21. Babban ma'auninsu shi ne hanya ta biyu, wato mutum nawa makinsu ya ragu da rabi bayan kimanin mako 8. Suka samu duka magungunan 21 sun fi ƙwayar wofi. Jaridu suka sake ɗauka: an kashe bakin tsanya, magani yana aiki.

Yanzu ga abin mamakin. Idan aka mai da binciken biyu zuwa waccan lamba ta bai-ɗaya, na Kirsch ya ba da 0.32, na Cipriani ya ba da 0.30. Kusan abu ɗaya suka samu! Kanun labarai ne suka yi hannun riga, saboda kowanne ya nuna wa duniya sakamakon ta kwanon da ya zaɓa.

Me ya sa raba mutane gida biyu ke sa bambanci ya yi kama da babba? Ku yi lissafin nan da ni. Mutum biyu sun fara da maki 24. Ɗaya ya sauko 12, ɗaya ya sauko 13. Na farko ya ragu da rabi cif, an rubuta shi cikin waɗanda suka samu sauƙi. Na biyu an rubuta shi cikin waɗanda ba su samu ba. Maki ɗaya ne tsakaninsu, wanda ko barcin dare ɗaya zai iya kawowa. Idan mutane da yawa suna kusa da layin, ɗan turi kaɗan zai tsallakar da su. Kamar jarrabawa ce, mai 39 ya faɗi, mai 40 ya ci.

Kada ku yi saurin cewa ashe Kirsch ne mai gaskiya, domin shi ma kwanonsa akwai huda. Ma'aunin Hamilton yana ba matsalar barci tambayoyi 3, maki har 6, alhali tambayar baƙin cikin kanta, wadda ita ce zuciyar ciwon, makinta 4 ne iyaka. Sannan yana ƙirga tashin zuciya, raguwar sha'awar iyali, da rama. Waɗannan kuwa suna cikin illolin da magunguna irin su fluoxetine kan jawo, musamman a makonnin farko. Wato magani zai iya rage wa mutum baƙin ciki, amma ya sa masa tashin zuciya, sai jimillar maki ta nuna kamar bai yi komai ba.

Wasu masana a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun gwada wannan, aka buga a 2016. Suka ɗauki kwatance 32 tsakanin irin waɗannan magunguna da ƙwayar wofi. Da aka auna da jimillar tambayoyi 17, kwatance 18 sun kasa nuna fifikon magani. Da aka auna da tambayar baƙin ciki ita kaɗai, 3 ne kawai suka kasa. Marasa lafiyan su ne dai, maganin shi ne dai, kwano kawai aka sauya.

Abin yana aiki ta ɗaya gefen ma. Amitriptyline tsohon magani ne mai araha, sananne a asibitocinmu, kuma yana sa barci. A jerin Cipriani shi ne ya zo kan gaba wajen rage maki. Masana da dama na ganin wani ɓangare na wannan fifikon daga tambayoyin barcin nan yake fitowa. Da Cipriani ya auna da wani kwanon kuma, wato mutum nawa suka daina shan magani kafin gwaji ya ƙare, sai jerin ya sauya: agomelatine da fluoxetine ne kaɗai aka fi jure wa fiye da ƙwayar wofi. Don haka in an ce maka "wannan ne magani na ɗaya", ka tambaya: na ɗaya a me?

Sai batun wa ke riƙe da kwanon. Pim Cuijpers na Amsterdam ya shahara wajen tattara binciken maganin damuwa ta hanyar zama a tattauna da ƙwararre, ba ƙwaya ba. A 2010 ya duba gwaje-gwajen da suka yi amfani da ma'auni iri biyu a kan mutane ɗaya, wanda likita ya cike da wanda mara lafiya ya cike. Sakamakon da likita ya rubuta ya fi nuna sauƙi, da kimanin 0.2 a waccan lambar. Ku tuna duk tasirin magani a binciken Cipriani 0.30 ne, sai ku ga 0.2 ba ƙaramin abu ba ne. Kenan idan meta-analisis ɗaya ya cika da ma'aunin likita, wani ya cika da na mara lafiya, kwatanta su kai tsaye zalunci ne.

Akwai kuma sauya kwano bayan an ga kaya. A 2008 Erick Turner ya duba gwaji 74 da aka yi wa rajista da FDA. A idon hukumar, 38 ne suka nuna magani ya yi aiki, kusan rabi kenan. Amma wanda ya karanta mujallu kawai zai ga kamar kashi 94 cikin 100 ne suka yi nasara. Yaya aka yi? Cikin waɗanda ba su yi kyau ba, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su da fuskar nasara, galibi ta hanyar tura ainihin ma'aunin da aka yi alkawari baya, a fito da wani da ya fi kyan gani. Haka babban binciken Amurka mai suna STAR*D, na mutum sama da 4,000, ya sanar a 2006 cewa kimanin kashi 67 cikin 100 kan warke idan aka bi matakan magani huɗu. A 2023 wasu masana suka sake lissafin da ma'aunin Hamilton da kuma dokokin da aka rubuta tun farko na wa za a ƙirga, suka samu kashi 35. Masu binciken na asali sun mayar da martani, muhawarar tana nan. Darasin dai shi ne, mai meta-analisis abin da aka zuba masa yake niƙawa.

To mu dawo gida. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a Amurka, Turai da Japan aka yi su. A Najeriya, babban gwajin da aka fi ambato shi ne STEPCARE, wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a ƙananan asibitoci 35, da mutum sama da 1,100, aka buga a 2019. Ma'aikatan lafiya na matakin farko ne suka kula da marasa lafiyan. An kwatanta kulawa mai matakai da kulawar yau da kullum da aka ɗan inganta. Ma'aunin shi ne makin PHQ-9 ya sauka ƙasa da 6 bayan wata 12. Ɓangarorin biyu suka fito kusan daidai, kashi 76 da kashi 77. Wanda ya karanta kanun kawai zai ce sabon tsarin bai yi amfani ba. Wanda ya karanta ciki zai ga mutum uku cikin huɗu sun warware a hannun ma'aikatan ƙaramin asibiti, irin waɗanda muke da su a Bulangu da sauran garuruwanmu. Idan aka jefa wannan gwaji cikin meta-analisis, lambar da zai bayar kusan sifili ce, domin bambanci tsakanin ɓangarori biyu kawai ake ɗauka.

A Zimbabwe kuwa, Dokta Dixon Chibanda ya bi wata hanya. Ya horar da ma'aikatan sa-kai na unguwa, yawancinsu dattijai mata, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti suna tattauna matsalolinsu. A gwajin da aka buga a 2016 a Harare, babban ma'auninsa tambayoyi 14 ne da aka gina daga harshen Shona, ciki har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Ya haɗa da PHQ-9 a gefe don duniya ta iya kwatantawa, kuma duka biyun sun nuna sauƙi sosai.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tsaya min a rai. Mu Hausawa yaya muke faɗin wannan ciwo? "Tunani ya yi min yawa." "Ƙirjina ya yi nauyi." "Jikina duk ya mutu." "Kaina zafi yake." Da wuya dattijo ya zauna gaban likita ya ce yana jin ba shi da daraja. PHQ-9 yana da tambaya kan kasa mai da hankali, kuma misalin da ya bayar shi ne karanta jarida ko kallon talabijin. Ku ɗauki wannan ku kai wa matar da ke sussukar gero a ƙauye. Yana tambayar barci da gajiya da cin abinci. Wanda ambaliya ta kora ajin makaranta, sauro na cizo, abinci sau ɗaya a rana, zai tara maki ko da zuciyarsa na nan da ƙarfinta. Mai zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ma haka. Hamilton yana tambayar sha'awar iyali. Wace matar aure ce za ta amsa wa likita namiji wannan, uwar miji na zaune a gefe? Tambayar tunanin kashe kai kuwa, mutum zai iya cewa a'a don tsoron Allah da kunyar jama'a, alhali abin na cinsa. Fassara tambayoyi zuwa Hausa mataki ne na farko kawai. Sai an gwada su a kan mutanenmu, an ga ko layin da aka ja a wata ƙasa ya dace da nan. Ga ɗalibanmu na Jami'ar Sule Lamido da na Dutse da na Bayero, wannan fili ne na bincike da ke jiran masu shiga.

Ko a can ƙasashen ma, an fara tambayar marasa lafiya me su suke so a auna. A 2020 wata tawaga a Faransa ƙarƙashin Astrid Chevance ta tambayi mutum 3,003 daga ƙasashe 52, marasa lafiya da masu jinya da ma'aikatan lafiya. Suka lissafo abubuwa 80. Da yawa ba sa cikin ma'aunan da aka saba: raɗaɗin zuciya, iya tashi a yi aiki, komawa cikin mutane. Da a nan aka yi tambayar, ina kyautata zaton za a ji irin su: ya koma gona? Tana zuwa biki da suna? Yana fita jam'i? Tana iya kula da jaririnta?

Saboda haka, duk ranar da kuka ga an ɗora "babban bincike ya nuna", ga abin da za ku nema kafin ku tura wa wani. Da wane ma'auni aka auna, kuma wa ya cike shi? Maki aka faɗa, ko kason waɗanda suka tsallake layi? Da me aka kwatanta, ƙwayar wofi ko wata kulawar? Bayan mako nawa aka auna, tunda yawancin gwajin magani mako 6 zuwa 8 ne, ciwon kuwa kan ɗauki watanni? Kuma su wa aka gwada?

Ni abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, magani da zaman tattaunawa duka suna taimako. A matsakaicin lissafi taimakon bai kai yadda masu talla ke faɗa ba, kuma ya wuce yadda masu kushe ke faɗa. Matsakaici kuma ba kai ba ne: wani zai samu sauƙi sosai, wani kaɗan, wani sai an sauya masa.

Don Allah, wanda ke kan magani kada ya daina saboda wani rubutu a Facebook, har da wannan nawa. Dainawa farat ɗaya na iya jawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka, ka faɗa masa abin da ya sauya da abin da bai sauya ba, da kalmominka, har da abin da takardarsa ba ta tambaya ba. Wanda kuma ke jin alamomin nan sama da mako biyu, ya fara da asibitin da ke kusa da shi. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In tunanin cutar da kai ya zo, kada a kwana da shi, a faɗa wa wani a yau. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

A nan zan dakata. Ku rubuto mana a ƙasa: a garinku, da wace kalma ake faɗin irin wannan ciwo? Zan tattara amsoshin mu tattauna su a shiri na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mu da ambaliya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.